Ƙafar Da Ta Saba Da Soso

A littattafanmu na hikaya, duk sanda marubuci ya cire wa mutum takalmi to akwai magana: ko dai talauci ya yi masa katutu, ko an aiko masa da mummunan labari ya fita a gigice, ko kuma ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ni kaina na sha fitar da jaruma daga gidan miji ba takalmi ba mayafi, don mai karatu ya san lallai abin ya kai maƙura. Shi ya sa na yi dariya da na fara jin cewa a Amurka akwai masu kuɗi da ilmi da ke tuɓe takalma su yi gudu da gangan, har da masu sayen takalmi mai tsada wanda aka yi shi don ka ji kamar ba ka sa komai ba.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin maganar ta iso har cikin abokan da muke fita motsa jiki da su bayan sallar asuba. Dukkanmu mun haura arba'in, kowa da abin da ya koro shi daga kan gado, wani hawan jini, wani teɓa, wani ciwon suga. Kukanmu kuwa ɗaya ne kullum, gwiwa. Sai ɗayanmu ya ce ai takalman nan ne ke jawo mana, mu koma yadda muka taso, ba da ƙafa zalla muka yi langa da ƙwallo ba? Ya ƙara da kafa hujja da Abebe Bikila, ɗan Habashan nan da ya lashe gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne ya yi haka. Abin da abokina ya tsallake shi ne, a 1964 Bikila ya sake lashewa a Tokyo da takalmi a ƙafarsa, kuma ya fi na farko sauri.

Yayin ya samo ƙarfi ne a 2009, lokacin da Christopher McDougall ya fitar da littafinsa Born to Run, a kan ƙabilar Tarahumara ta ƙasar Meziko masu gudun dogon zango da ɗan siririn takalmin da suke yankowa daga tsohuwar taya, irin dai wanda muka sani a kasuwannin ƙauye. A 2010 kuma Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya wallafa bincikensa, inda ya kwatanta 'yan gudun Amurka da 'yan ƙabilar Kalenjin na Kenya, waɗanda wasunsu ba su taɓa sa takalmi ba. Ya gano cewa wanda ya saba da takalmi galibi dunduniya yake fara dirawa a ƙasa, wanda ya taso ba takalmi kuwa ya fi sauka da gaban tafin ƙafa, sannan dunduniya ta biyo baya a hankali.

To mene ne bambancin? Ka ɗauki taɓarya ka sake ta a tsaye kan siminti, za ka ji ƙarar da ta yi da yadda ta girgiza. Haka ƙafar mai dira da dunduniya take, a miƙe take isowa, bugun ya haura ta ƙashin ƙwauri zuwa gwiwa a lokaci guda. Mai sauka da gaban ƙafa kuwa idon sawunsa na lanƙwasawa, agara da tsokar sha-raɓa su karɓi nauyin su miƙe kamar roba, bugun ya rarrabu. Ga shi kuma mai gudu yakan taka ƙasa kimanin sau 600 a kowace kilomita, ka ga ke nan ɗan ƙaramin bambanci a taku ɗaya ba ƙarami ba ne idan an tara.

A nan ne masu cewa a tuɓe takalmi suke rufe littafi, alhali labarin bai ƙare ba. Cikin binciken na Lieberman akwai waɗanda suka saba da takalmi aka sa su gudu ba shi, akasarinsu suka ci gaba da dira da dunduniya yadda suka saba, kuma saurin da bugu ke shiga jikinsu ya ninka na masu sauka da gaban ƙafa kusan sau 7. Wato an cire soson da ke tare musu bugu, ɗabi'ar takun kuwa tana nan daram. Masana a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun bi wannan sawun, suka horar da 'yan gudu 26 na tsawon makonni 8 a kan gudu ba takalmi, suka wallafa sakamakon a 2016: wasu bugun ya ragu musu, wasu ya ƙaru, wasu kuwa ba abin da ya canza. Hatta cewa duk wanda ya taso ba takalmi da gaban ƙafa yake sauka bai tabbata ba, domin a 2013 an duba ƙabilar Daasanach da ke arewacin Kenya, aka tarar mafi yawansu da dunduniya suke dira idan ba sauri suke ba.

Wanda takunsa ya canza ɗin ma, nauyin bai ɓace ba, gida kawai ya sauya. Taku yakan gajarce ya ƙara yawa, gwiwa ta ɗan sarara, amma agara da sha-raɓa da ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa su ne za su biya kuɗin. Ƙafar ɗan Adam ƙashi 26 gare ta, kuma ƙashi ya fi tsoka jinkirin sabawa da sabon aiki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun ɗauki hoton ƙafafun mutum 19 da suka shafe makonni 10 suna komawa ga takalmin Vibram FiveFingers, mai kama da safar hannu, suka ga alamar kumburin ɓargo a ƙasusuwan 10 daga cikinsu. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi a kan iƙirarin cewa takalmin na rage rauni, ko da yake bai amsa laifi ba.

Ni dai na gwada, amma a kan rairayi mai laushi, minti biyar kacal, sau biyu a mako. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Da takalmi ana jin tafiyata tun daga nesa, tim tim, kamar ana daka. Da na tuɓe, ba wanda ya koya mini, sai na ji ina ɗaga ƙafa da sauri ina ajiye ta kusa da jikina, don dunduniya ba ta yarda a ci zalinta sau biyu. Kashegari kuwa sha-raɓata ta ɗaure tamau, ko tsugunon alwala sai da na dafa bango. Ƙafar da ta yi langa tana da kanta da kaushi, ƙarangiya ma sai ta yi da gaske take shigarta. Wannan da nake tafe da ita yanzu ta shekara talatin cikin safa da soso, ta zama ta wani mutum daban.

Abokina mai ciwon suga kuwa na roƙe shi da girman Allah kada ya ce zai gwada. Ciwon kan kashe jijiyoyin ji na tafin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko fasasshiyar kwalba bai sani ba sai wurin ya ruɓe, shi ya sa likitoci ke hana masu shi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida ne. Sauran biyun suna nan suna musu har yanzu, ɗaya ya tuɓe nasa ya rataya a wuya, ɗaya ya ce shi sai ranar da aka share filin.