Maƙerar Da Ake Ɗaura Aure A Gefen Hanya

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, abin da ya same ni ne. Shekarar da na gama sakandare Baba ya ce ya yi mini miji, ni kuwa ina da wanda nake so kamar raina. Saurayin nan ya ce mu gudu kawai, wai in an ɗaura a wani gari dole a haƙura. Wallahi har na ƙulle kayana a ɗankwali.

Daren nan Yayana, wanda ya yi karatu a Ingila, ya tarar da ni ina kuka. Bai yi mini faɗa ba, sai ya zauna ya ba ni labarin wani ƙauye, Giretna Girin, da ke gefen babbar hanya, kamar mil goma arewa da birnin Karlayil, da zarar an tsallaka iyaka an shiga Sikotilan.

A 1754 wata doka ta fara aiki a Ingila, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 21 ba, ba zai yi aure ba sai da yardar iyaye. A Sikotilan kuwa shaidu biyu sun isa. Shi ke nan sai masoya suka riƙa shiga keken doki suna sheƙawa can, iyaye na biye da su. Maƙerin ƙauyen ma yana iya ɗaura musu aure a gaban uwar maƙera. A 1856 aka ce sai ɗayansu ya yi kwana 21 a ƙasar, a 1940 kuma aka soke irin wannan ɗaurin auren.

Na ce, "Kai Yaya, ashe su ma sun san so!"

Ya ce, "Tsaya ki ji." A 1826 wani mai suna Edward Gibbon Wakefield ya sa aka ɗauko wata Ellen Turner, 'yar shekara 15, daga makarantar kwana, da ƙaryar wai mahaifiyarta ba lafiya. Ya ce mata mahaifinta ya karye, aurensu ne kaɗai zai cece shi. Ta yarda, ya kai ta ƙauyen aka ɗaura. Ashe dukiyar gidansu yake hari. Daga baya majalisa ta raba auren, shi kuma aka ɗaure shi shekara uku.

Jikina ya yi sanyi. Na tambayi kaina, me ya hana nawa saurayin turo magabatansa? Washegari na kwance kayana, na je wajen Gwaggo na faɗa mata gaskiya cewa ba na son zaɓin Baba. Ita ta shiga maganar har aka fasa. Saurayin kuwa, da aka ce ya fito, ko ƙeyarsa ban sake gani ba.

Ƙanwata, idan an matsa miki, nemi babba a dangi ki kai kukanki. Wanda ya ce ki biyo shi cikin dare, ki ce ya fara zuwa zaure da rana tukuna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.