Hular Bakin Bindiga

Kawuna maƙeri ne a Gedambaliya, inda aka fara noman dawa da tarakta a Sudan a tsakiyar shekarun 1940. Aikinsa gyaran garma da ƙera laujen yankan riɗi. Ni kuwa a rediyo nake a Gadarif, hannuna bai san guduma ba. Abin da ya haɗa mu wata tsohuwar bindigar iska ce, wadda muke korar jan-baki da ita in dawa ta fid da kai.

Wata rana na ga irinta a intanet, an saka mata wani ƙarfe mai huji-huji a baki. Na nuna masa. Ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Ɗana, wannan na bindigar albarushi ne, shi ke rage naushin da take wa kafaɗa. Taka iska ce, da me za ta naushe ka?"

Duk da haka ya ƙera mini, muka sa mata suna hula. Ashe tana da ɗan amfani: ta ƙara wa baki nauyi, hannu ya rage rawa, kuma nan ake riƙewa in za a ɗana. Daga nan duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai maƙera. Ina zuga, yana bugu, muna musu. Sai da muka yi bakwai.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba, jama'a suka kwararo Gadarif, 'yan uwanmu suka sauka gidan Kawu. Wani yammaci na jera gwangwanaye a tsakar gida, na harba. Ƙarar ba ta fi tafi ba. Amma wata yarinya 'yar shekara shida ta shige ƙarƙashin gado, ta toshe kunne, ta ƙi fitowa har bayan isha'i.

Kawu bai ce mini uffan ba. Washegari na tarar da hulunan a wuta, yana mayar da su zobban ƙotar lauje. Na zauna, na kama zuga-zugi.

Bindigar tana cikin buhu har yau. Da kaka ta zo, da gwangwani da ihu muka kori tsuntsaye, kuma muryar yarinyar nan ta fi ta kowa tashi.