Waɗanda Ba a Raɗa wa Suna Ba

A Jimeta, idan mace ta yi ɓari ko jariri ya zo babu rai, gaisuwar ba ta da tsawo: "Sannu, Allah ya kawo rayayye." Maza su binne shi da gaggawa, sau da yawa uwar na kwance, ba ta ga inda aka sa shi ba. Kafin wata ya zagayo ta koma kasuwa, rigunan da ta tanada suna ninke a ƙasan akwati.

Nakan tuna da irin waɗannan mata duk ranar 2 ga Nuwamba, lokacin da ake addu'a domin matattu a Majami'ar St. Theresa. Kowa na ambaton nasa da suna, uwar kuwa ba ta da sunan ambata. Ga kuma fargabar da ke cin ta a ɓoye, cewa yaron bai samu baftisma ba. A 2007 Fadar Vatikan, da amincewar Paparoma Benedict XVI, ta fitar da takarda mai cewa akwai ƙwararan dalilai na sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai. Ina so in ji ana faɗin wannan daga bagadi, da harshen da uwar take ji.

A Sainte-Baume ta ƙasar Faransa, iyayen da suka yi irin wannan rashi kan hau dutse zuwa kogon Maryamu Magadaliya, su raɗa wa ɗan suna, a rubuta shi. Mu ba sai mun je can ba. Tattaki da sassafe zuwa bakin tafkin Njuwa ya isa, Fada na gaba. A gayyaci uban ma, domin shi ba a cika tambayarsa yadda ya ji da abin ba.