Dutsen Fako da Mu Mazauna Gindinsa

A bakin Bahaushe kowace tafiya da sunanta. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai ziyara da sada zumunci, akwai fita neman ilimi, akwai aikin Hajji. Amma tafiyar da magidanci zai rufe shago, ya ƙona mai, don kawai ya je ya kalli dutse, sai daga baya aka yi mata suna, yawon buɗe ido, kuma har gobe kalmar yawo ba yabo ba ce a wurin dattawanmu na New Bell. Shi ya sa da muka ƙudiri hawan Dutsen Kamaru a watan Janairu, mu takwas cikin mota biyu, tambayar farko da aka yi mana a unguwa ita ce: wa kuka sani a can?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Kakanninmu sun sauko wannan gaɓar teku ne da shanu da goro da kanwa da allurar ɗinki, kuma duk inda suka yada zango, mutane suka bi, ba duwatsu ba. Daga Duwala zuwa Buya bai fi kilomita 70 ba. A ranar da sama ta washe bayan ruwa, dutsen yakan fito ta yamma, baƙi ƙirin, ya tokare sama, ana hango shi daga kan gadar Wuri. Tsayinsa ya haura mita 4,000, littattafai na cewa 4,040, wasu 4,095, kuma daga Senegal har Chadi babu wanda ya kamo ƙafarsa. Mun haifu a inuwarsa, mun yi aure a inuwarsa, iyayenmu na kwance a maƙabartun da ke fuskantarsa. Muna ganin ya kamata a ce cikin ’ya’yan unguwa akwai waɗanda suka taka shi da ƙafarsu.

Ranar Talata muka tashi, domin tun da rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ya ɓarke a 2016, Litinin ta zama ranar zaman gida a can, mai hankali ba ya sa motarsa a hanya. Muka haye Bonaberi, muka wuce Bekoko, muka tsallaka gadar Mungo, inda Faransanci ke ƙarewa a jikin allunan hanya, Ingilishi ya karɓa. Kowa da katin shaidarsa a aljihun gaba saboda shingaye. Daga Tiko gonakin roba da ayaba suka sa mu a tsakiya, layi bayan layi, har ido ya gaji. A Mutengene hanya ta rabu, muka karkata muka fara hawa, injin mota ya canza murya, zafin Duwala ya fara zamewa daga jikinmu kamar an cire mana bargo.

Sunan garin Buya ya yi kama da kalmarmu ta ɓuya, kuma dutsen kamar ya sani. Sai ka kwana biyu a gindinsa ba ka gan shi ba, gajimare ya lulluɓe shi ruf, sannan wata safiya ka buɗe ƙofa ka tarar da shi a kanka kamar katangar da aka gina cikin dare. Bakweri, masu ƙasar, suna kiran ƙololuwarsa Fako. Sanyin nan ne ya jawo Jamusawa suka mai da Buya hedkwatar mulkinsu a 1901, kuma gidan da gwamnansu von Puttkamer ya gina yana nan har yau. Ba su samu wurin a ɓagas ba. A 1891 Bakweri, ƙarƙashin Kuva Likenye, suka kashe jagoran sojan Jamus, Gravenreuth, suka kora rundunarsa, sai a 1894 aka ci garin. Bayan nan aka ƙwace ƙasa mai albarka ta gindin dutsen, wadda tokar aman wuta ta yi wa taki shekaru aru-aru, aka mai da ita manyan gonaki, aka matse masu ita cikin ’yan keɓaɓɓun wurare. Gonakin nan ne hukumar CDC ta gada a 1947.

Wannan tarihi ya shafe mu, ko mun so ko mun ƙi. Gonakin sun kira leburori daga ƙasar Bamenda da Najeriya, leburori kuma suna bukatar nama da goro da tela, sai Bahaushe ya biyo bayansu. Mai tsiren da ke hura wuta da yamma a Mutengene ko Tiko jikan wannan tafiya ne. A Turancin kasuwa na yankin akwai kalmar da ake jifan baƙi da ita, kam-no-go, wato wanda ya zo ya ƙi komawa. An fi jifan mutanen Bamenda da ita, amma duk wanda kakansa ya zo daga wani wuri yakan ji ta a jikinsa. Muna tafe da wannan a zuci, ko da ba wanda ya furta.

Tun 2009 dutsen ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin kadada dubu 58 da ’yan kai, kuma ba a shiga sai da izini da ja-gora. Mota tana kai mutum ne iyakar saman gari, wajen da ake kira Upper Farm, daga nan sai ƙafa. Ja-goranmu Babakweri ne, tsohon maharbi, wanda ya ajiye bindiga ya kama wannan sana’a, ga ’yan dako uku ɗauke da ruwa da garinmu. Akwai bukkoki uku a kan hanyar, mu dai zango muka riƙa kiransu, kuma Baffa, wanda shi ne babba a cikinmu, ya ji daɗin sunan. Ya ce ai in dai akwai madugu, akwai ’yan dako, akwai zango, to ayari ne, ba yawo ba.

Daji ne ya fara karɓarmu. Itatuwa dogaye sanye da gansakuka, ƙasa jiƙe ko da rani, ganyayen da ba mu san sunansu da Hausa ba. Ja-gora ya nuna mana wani icce da aka ɗaye wa ɓawo ta gefe biyu aka bar gefe biyu. Ɓawonsa ake kaiwa Turai a haɗa maganin ciwon mafitsara na dattawa, kuma da an ɗaye shi zagaye iccen ya mutu ke nan, shi ya sa aka kafa doka a kan yadda za a ɗiba. Ya ce akwai giwayen daji ta ɓangaren yamma, da wata fakara da ba a samunta ko’ina a duniya sai a jikin wannan dutse. Ba mu ga ko ɗaya ba. Mun dai ji tsuntsaye, mun ji numfashinmu.

A zangon farko, sama da mita 1,800, Baffa ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce nan ne ƙololuwarsa. Ƙaramin cikinmu ya ce, “Baffa, ko in tsaya tare da kai?” Ya ce, “Kai dai wuce, ɗana. In kun sauko ku ba ni labari, amma ban da ƙari.” Ɗaya daga cikin ’yan dakon ya sauka da shi gari.

Kaɗan bayan nan dajin ya yanke kamar an sa wuƙa. Ka fito daga duhun itatuwa sai ga ka cikin ciyawa, iska na kaɗa ta, ƙasa baƙa, duwatsu masu kaifi da ƙananan ramuka kamar soso. Wanda ya san ƙasar Adamawa zai ji kamar ya koma gida, sai dai nan tsaye take. Tsakanin zangon farko da na biyu ne dutsen ke karɓar harajinsa. Hawa ne miƙe, ba inuwa, ba kwana, kana ganin inda za ka amma ba ya matsowa. Hira ta mutu. Mai yawan barkwancin cikinmu ya koma ƙirga taku, hamsin ya huta, hamsin ya huta. Abin da ya fi ba mu kunya da dariya shi ne wasu samari da ’yan mata da suka wuce mu a guje cikin takalmin roba, suna atisayen tseren da ake yi duk shekara tun 1973, wanda yanzu ake kira Tseren Fata. Daga filin wasa na Molyko ake tashi, a taɓa ƙololuwa a dawo, kusan kilomita 38, kuma gwanaye na gamawa cikin sa’a huɗu da rabi ko kusa da haka. Sarah Etonge ta lashe shi sau bakwai, har aka naɗa ta Sarauniyar Dutse. Abin da su ke yi kafin azahar, mu kwana biyu muka ware masa.

Mun kwana a zango na biyu, wajen mita 2,800. A nan muka san cewa hunturun Marwa wasa ne. Ruwan buta ya zama kamar allura, alwala ta koma jarrabawa. Shayi ya tafasa da wuri amma bai yi zafin da muka saba ba, domin a wannan tsayi ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a bakin teku ba. Da dare ya yi gajimare ya kwanta a ƙarƙashinmu, ta cikin ɓarakarsa muna hango fitilun Tiko da na Duwala can nesa, garin da muke ganin ya cika duniya ya koma kamar garwashin da aka watsar.

A bakin wuta ja-gora ya ba mu labarin Efasa Moto, wanda Bakweri ke cewa shi ne mai dutsen, rabinsa mutum rabinsa dutse. A al’adarsu baƙo na iya shan raken da ya tarar a jikin dutsen har ya ƙoshi, amma ba ya sauka da ko gaɓa ɗaya. Mu Musulmi ne, ya sani, bai nemi mu gaskata ba, mu ma ba mu yi masa wa’azi ba. Amma dokar ta zauna mana a rai, domin ta fito ne daga bakin mutanen da aka yi shekara fiye da ɗari ana kwashe albarkar ƙasarsu a jirgin ruwa. Sai ya tambaye mu daga ina muke. Muka ce Duwala. Ya ce a’a, asali. Malam, wanda ya fi mu iya Turancin kasuwa, ya ce masa kakansa daga Kano ya zo, amma kabarin mahaifinsa a Tiko yake. Ja-gora ya yi shiru, ya tura itace cikin wuta, sannan ya ce shekara goma sha yana wannan aiki, ya hau da Jamusawa da Faransawa da ’yan Amurka ba adadi, Hausawa kuwa a kasuwa kawai yake ganinsu. Ya ce wanda ya binne uba a gindin dutse ai ya kamata ya zo ya ga kansa.

Mu biyar muka kai ƙololuwa. Biyu ciwon kai da jiri suka tsayar da su a zango na uku, kuma gaskiyarsu, domin ƙarancin iska ba ya jin lallashi, maganinsa sauka. A saman babu ciyawa, babu tsuntsu, sai toka da tsakuwa da iska mai neman ture mutum. Ba mu yi minti ashirin ba. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Bayan Juma’a muka koma cikin motocinmu, ƙafafu kamar na aro, muka gangara ta gonakin shayi na Tole zuwa Limbe. A ganinmu wanda ba zai iya hawa ba, wannan ɓangaren kaɗai ya ishe shi dalilin zuwa, domin a nan ne ake ganin aikin dutsen daga cikin mota. Yashin bakin tekun Limbe baƙi ne, garin narkakken dutse ne da igiyar ruwa ta niƙa. Muka ci gasasshen kifi a Down Beach, muka leƙa lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, washegari muka kama hanyar Idenau, teku a hagu, Dutsen Etinde a dama da kansa mai tsini.

Kusa da Bakingili titi ya yi wata kwana da ba ta da dalili, sai ka ɗaga kai ka ga dalilin. A ƙarshen Maris na 1999 dutsen ya tsage ta gefen kudu, narkakken dutse ya gangaro a hankali, tafiyar fiye da kilomita goma cikin makonni, ya cinye daji da gonakin kwakwar manja, ya hau kan titi, sannan ya tsaya kafin ya kai teku. Ba a iya kawar da shi ba, sai titin aka karkatar. Yana nan, tudu baƙi wanda ya fi gida tsayi, an kafa matakala ana hawa. Ba shi ne na farko ba: na 1909 ya firgita Jamusawa har suka tsere Duwala na ɗan lokaci, na 1922 ya shiga teku, an yi a 1959 da 1982, kuma na 2000 ya nufo Buya kafin ya tsaya. Duk da haka mutane na noma a gefensa, domin ƙasar da ta ƙone jiya ita ce mai albarkar gobe, har ciyayi da ƙananan itatuwa sun fara tsirowa a tsagogin tudun.

A nan Baffa ya rama. Ya hau matakalar da sandarsa, ya tsaya a kai, ya daɗe yana duban hanyar da wutar ta biyo. Ɗan autanmu ya ɗauki wani ɗan dutse zai sa a aljihu, Baffa ya ce, “Ajiye musu abinsu.”

Muka ƙarasa Debunca, inda ruwan sama ke kaiwa milimita dubu goma a shekara, alhali Marwa ba ta cika wuce ɗari takwas ba. Iskar teku ce ke cin karo da dutsen, ta hau, ta yi sanyi, ta juye abin da ta ɗauko. Tsakiyar rani ne, amma muna isa aka tsuge da ruwa, direbanmu ya kunna abin share gilashi, muka juya akalar motoci don mu haye Mungo kafin magariba.