Linzamin da Na Bar wa Wasu

Sau biyu ina zana jarrabawar WAEC, sau biyu Turanci yana kayar da ni. Duk sauran darussan na ci, amma ba jami'ar da za ta dubi takardata babu kiredit a Turanci. Ina zaune gida a Kurfi, ƙawayena suna wucewa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 kamar don mu.

Ba na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Malaminmu ya fi zama a ofis fiye da aji. Mun yi yawa a ajin, littafi ɗaya mu biyar. Masu duba takardu ba sa son 'yan ƙauye. In duk waɗannan suka ƙare sai in ce ba rabo.

Wata rana da yamma Baba yana gyara fartanya a zaure, na kai masa ruwa, ya ce, "Ke kuwa yaushe za ki sake zama?"

Na ce, "Baba, ku bar shi kawai. Turancin nan ba rabona ba ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ruwan sama ba a hannuna yake ba. Amma kin taɓa ganin na ƙi yin huɗa don ban san ko za a yi ruwa ba? Tun da sakamako ya fito, shafi nawa kika karanta?"

Ban karanta ko ɗaya ba. Wata bakwai ke nan.

A daren na raba takarda gida biyu: abin da na isa in canza, da abin da ban isa ba. Yawan ɗalibai da halin malami suka tafi gefe guda. A ɗaya gefen na rubuta gaskiyar da nake gudu: ban taɓa rubuta insha'i cikakke da kaina ba, kuma ba na buɗe baki in yi Turanci don tsoron dariya. Na ari tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Kullum bayan asuba shafi ɗaya, kalmomi biyar a bayan littafi, wasiƙa ɗaya duk Juma'a, wadda wata malama maƙwabciyarmu ke cika wa jan biro. Ƙannena sun yi dariya har suka gaji. A zama na uku na samu C5.

Sai da na shiga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma na ji ashe abin yana da suna. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, Julian Rotter, ya fitar da ma'auni a 1966 na gane inda mutum yake ganin linzamin rayuwarsa: a hannunsa, ko a hannun sa'a da manya. Bincike da dama sun nuna masu ganin linzamin a hannunsu sukan ɗan fi cin nasara a karatu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Harshe sai da maimaici da kuskure, kuma wanda ya yarda ƙoƙarinsa ba ya canza komai ba zai jure kunyar kuskure ba.

Ba na cewa komai laifin ɗalibi ne. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 an rufe makarantu a jiharmu, kuma ba yaron da ya jawo wa kansa wannan. Gefen farko na takardata gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukuma. Sai dai shi kaɗai na yi shekara biyu ina kallo.

Yanzu ni ke tsaye gaban allo. Makon jiya wata yarinya ta karɓi takardarta, huɗu bisa ashirin, ta ce, "Malama, ni dama ba na iyawa."

Na yago mata takarda daga littafina, na ce ta ja layi a tsakiya.