Zanen Da'ira a Majami'ar Chartres

Chartres wani gari ne a ƙasar Faransa, kamar mil 50 daga birnin Paris. Tun daga nesa matafiyi yakan hango hasumiyoyi biyu na babbar majami'arsa bisa gonakin alkama. Gobara ta cinye tsohon ginin a 1194, aka sake gina shi, aka keɓe shi a 1260.

Na isa can ran Jumma'a, na tarar an janye kujeru daga tsakar majami'ar. Sai ga wani zane a ƙasa, na duwatsu farare da baƙaƙe. Da'ira ce mai faɗin kusan mita 13, da zobe 11 a cikinta, da fure mai ganye 6 a tsakiya. Hanya ɗaya ce tak ta bi cikin zobban nan, tsawonta kamar mita 260, ba ta da mararraba.

Na shiga ina bin ta a hankali. Ban yi nisa ba ta kawo ni kusa da furen, har na ce na isa. Ashe da sauran tafiya. Ta yi ta juyawa da ni har bakin da'irar, inda na ga kamar wahalata ta tashi a banza. Daga can kuwa, bayan ɗan juyi, ta miƙe da ni zuwa tsakiya. Nan na tuna da shekarun da na yi ina addu'a domin ƙanena da ya bar gida, har na kusa fid da zuciya. Watakila mai addu'a ya fi kusa da amsa a lokacin da yake ganin ya fi nisa.

Iyaye, kuna iya nuna wa yaranku asalin irin wannan zane. Ku ɗaura igiya a jikin ƙusa biyu, ku kafa ɗaya a tsakar gida, ku zaga da ɗayar. Kada ku sāke tsawon igiyar. Ku kafa ƙusar a bakin da'irar, ku sake zagawa, sa'an nan ku koma inda layukan suka haɗu. Sau 6 za ku yi, fure mai ganye 6 zai fito.

Abu ɗaya nakan gaya wa 'yan ajina: in ƙusar tsakiya ta goce, dukan zanen ya ɓaci. Haka gidan mai bi yake. Bari Almasihu ya zama tsakiyarsa, ko da hanya ta yi tsawo.