Farautar Haske a Daren Kafanchan

Bahaushe ya daɗe da sanin sama. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai albishir da asuba, ya kuma san Kaza da 'ya'yanta. Amma can ta arewa, kusa da wasu taurari biyar masu siffar harafin W, akwai wani ɗan haske dushi-dushi, kamar an shafa toka da yatsa, wanda ba kasafai ake ambatonsa a hirar dandali ba. Masana na kiransa Andoromeda. Garke ne na taurari masu ɗimbin yawa, a naɗe kamar faifan da aka karkata, kuma shi muka ɗaura niyyar ɗauka a hoto daga nan Kafanchan, mu da aikinmu koyar da adabi ne.

Ba mu muka fara ba. A shekarar 964, malamin taurari Abdurrahman al-Sufi na ƙasar Farisa ya ambace shi a littafinsa, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. A 1888, Isaac Roberts, wani ɗan kwangilar gine-gine a Ingila mai kallon sama don sha'awa kawai, ya bar kyamararsa a buɗe har awa 4, sai ga naɗin faifan ya fito sarai. A 1923 kuma Edwin Hubble na Amurka ya gano a cikinsa wani tauraro da ya ba shi damar auna nisansa, aka tabbatar yana can wajen garken da ranarmu take ciki.

Nisan nan ya wuce hankali. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya shekara wajen miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso idonmu. Gumakan yumɓun Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a ƙasar Jaba, maƙwabciyarmu, sun haura shekara 2,000, muna kuwa alfahari da tsufansu. To, hasken nan ya girme su kusan sau dubu.

Kama irin wannan baƙo sai da dabara. Lokacinsa a wurinmu ɗan ƙanƙani ne: bayan ɗaukewar ruwa a ƙarshen Oktoba, kafin hazon hunturu ya rufe sama, kuma a daren da babu farin wata. Mukan fita bayan gari ta wajen Kagoro, inda fitilu ba su kai ba, mu kafa kyamara kan ƙafa uku. Da yake duniya ba ta daina juyawa, ba ma barin idon kyamara a buɗe fiye da daƙiƙa 2, don kada taurari su zama zare. Kowane hoto shi kaɗai kusan baƙi ne ƙirin. Sai mun tara ɗaruruwa, kwamfuta ta ɗora su bisa juna, sannan faifan ya bayyana, faɗinsa ya kai na cikakken wata sau da dama. Da yayyafi kogi kan cika.

Alal haƙiƙa, abin da ya fi wuya a aikin nan shi ne fitar kanta. A Kudancin Kaduna dare ba abin wasa ba ne. Tun daga rikicin Maris na 1987, wanda ya faro a nan Kafanchan, zuwa na bayan zaɓen Afrilun 2011, da hare-haren da ƙauyuka suka sha daga bisani, mutanenmu sun koyi sa sakata tun magariba. Akwai yaran da suka tashi sun san dokar hana fita, ba su san tatsuniya a farin wata ba. Saboda haka kafin mu kafa komai sai mun gai da mai unguwa, mun sanar da 'yan sintiri, domin wanda ya hangi ƙarfe mai dogon baki a cikin duhu, ba taurari zai fara kawowa a ransa ba.

Sau da yawa samarin nan na sintiri sukan jingine sandunansu su matso. Cikinsu akwai mai zuwa masallaci, akwai mai zuwa coci, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Malam, da gaske akwai wannan abu a samanmu?" Mukan kashe tocila, mu ce su haƙura minti 20 ido ya saba da duhu, sannan su duba ta gefen ido. Wanda ya fara gani shi ke kama hannun na kusa da shi ya nuna masa.

Hotunanmu ba za su ci gasar kowa ba. Amma kowanne daga cikinsu shaida ne cewa an yi wani dare a ƙasar nan da mutane suka zauna a fili awa uku, babu wanda ya waiwaya don tsoro. Ɗalibanmu da ke rubuta dare a waƙoƙinsu da labaransu a matsayin maɓoyar mugu kawai, muna gayyatarsu su biyo mu idan kaka ta yi.